Jagorar Bin Maganin Gyaran Tunani da Ɗabi'a ta Intanet ga Masu Ciwon da Ake Zama da Shi

Duk wanda ya saba bin layin masu ciwon suga ko hawan jini a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko ya taɓa raka ɗan'uwansa wankin ƙoda, ya san cewa abin da ake aunawa ranar ganin likita shi ne jini da fitsari da nauyi, alhali abin da ke hana majinyaci runtsawa da daddare ba kasafai yake shiga cikin kati ba. Akwai zullumin abin da gobe za ta haifar, da nauyin ganin kai ya zama ɗawainiya ga iyali, da fargabar tashin ciwo, da wani irin sanyin jiki da ke sa mutum ya ƙaurace wa majalisa, ya riƙa tsallake magani, daga ƙarshe ya daina zuwa asibitin ma. Wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 2007, wanda ya ƙunshi mutane sama da 245,000 daga ƙasashe 60, ya gano cewa kashi 9 zuwa 23 cikin ɗari na masu fama da asma, ko ciwon suga, ko ciwon gaɓɓai, ko ciwon ƙirji na zuciya, suna ɗauke kuma da ciwon damuwa, kuma idan biyun suka haɗu a jiki ɗaya lafiya takan fi taɓarɓarewa.

Daga cikin hanyoyin da aka fi gwadawa wajen magance wannan ɓangare na jinya akwai maganin gyaran tunani da ɗabi'a, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da CBT. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, shi ya aza harsashinsa a shekarun 1960 a Jami'ar Pensilbaniya, bayan ya lura cewa majinyatansa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu a rai ba tare da sun kira su ba, su kuma su karɓe su a matsayin gaskiya ba tare da bincike ba. Tsarin ya ginu ne a kan cewa abubuwa huɗu suna jan juna: abin da mutum ke rayawa a ransa, da halin da zuciyarsa ke ciki, da abin da jikinsa ke ji, da abin da yake aikatawa ko yake guje wa aikatawa. Idan aka sassauta ɗaya, sauran sukan biyo baya. Babu ƙwaya a ciki, kuma ba hirar lallashi ba ce. Darasi ne da aikin gida na wasu ƙayyadaddun makonni.

Daga ƙarshen shekarun 1990 masu bincike a Suwidin da Holan da Ostireliya suka fara mayar da darussan kan intanet, kuma cikin gwaje-gwajen farko na Suwidin akwai na masu yawan ciwon kai da masu jin ƙara a kunne, wato masu larurar jiki. Yawanci shirin yakan ƙunshi darasi 5 zuwa 10 cikin makonni 8 zuwa 12, tare da mai jagora da ke duba aikin majinyaci ya ba shi amsa ta saƙo ko ta waya, abin da ba ya ɗaukarsa fiye da minti 10 zuwa 20 a mako. Wani nazari na 2018 da ya tattara gwaje-gwajen da suka kwatanta wannan tsari mai jagora da zama gaba da gaba ya samu sakamakonsu kusan ɗaya ne. Ga masu ciwon jiki mai daɗewa kuwa, sauƙin da ake samu a kan damuwa da fargaba na gaske ne amma matsakaici, wani lokaci ma ƙarami. Ya kamata a shiga da sanin haka: shirin ba ya maye gurbin insulin, ba ya farfaɗo da ƙoda, kuma duk wanda ya ce a ajiye maganin asibiti saboda shi, to ba wannan magani yake koyarwa ba.

Mataki na farko: a fara da likitan da ke duba ciwon jikin

Kafin a buɗe kowane shafi, a kai maganar gaban likitan da ya san tarihin jinyar. Dalili shi ne, akwai abubuwa da dama na jiki da ke kama da damuwa ko fargaba. Ƙarancin jini yana kawo kasala da bugun zuciya. Matsalar maƙoshi da ke haifar da maƙoƙo tana iya sa mutum sanyi ko rashin natsuwa. Maganin prednisolone yakan hana barci ya kuma sauya hali. Abin shaƙar masu asma na salbutamol yakan sa rawar hannu da faɗuwar gaba. Wasu magungunan cutar HIV, musamman efavirenz, sukan kawo munanan mafarkai. Babu wani darasin tunani da zai gyara waɗannan, sai gwaji ko sauya magani.

Mutane da yawa sukan ji nauyin buɗe maganar, ga kuma layi a waje. Jumla biyu sun isa: "Likita, ban da ciwon, wata biyu ke nan ba na barci, ba na jin daɗin komai, kuma raina kullum a jagule yake. Ina so ku duba ko akwai abin da za a yi a kai." Daga nan a nemi ya auna da tambayoyin nan da ake kira PHQ-9, guda tara ne, makinsu daga 0 zuwa 27. Maki 5 zuwa 9 damuwa ce mara tsanani, 10 zuwa 14 matsakaiciya, 15 zuwa 19 ta fara nauyi, 20 zuwa sama kuwa mai tsanani ce. Na fargaba shi ne GAD-7, makinsa daga 0 zuwa 21. A lura cewa tambayoyin gajiya da barci da cin abinci suna iya ɗaga makin mai wankin ƙoda ko mai ciwon daji ko da zuciyarsa lafiya lau take, shi ya sa likita ne ya fi dacewa ya fassara sakamakon, ba majinyaci shi kaɗai da wayarsa ba. A rubuta makin ranar farko a ajiye, za a buƙace shi nan gaba.

Akwai waɗanda wannan hanya ba ita ce mafarinsu ba. Wanda tunanin halaka kansa ke zo masa, ko yake jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya yi kwanaki ba barci yana ta surutu da kashe kuɗi ba lissafi, ko jikinsa ya saba da tiramol ko allurar penta ko diyazafam har ba ya iya zama sai da su, wannan yana buƙatar ganin likitan ƙwaƙwalwa ido da ido, kuma idan hatsarin na yanzu ne, a kai shi sashen gaggawa ba tare da an bar shi shi kaɗai ba. Asibitocin koyarwa na Gombe da Bauchi suna da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri.

Kafin a fita daga ɗakin likita, a roƙe shi ya faɗi alamomin da idan an gan su asibiti za a nufa kai tsaye, a rubuta su a shafin farko na littafin da za a yi aiki da shi. Ga mai sikila, zazzaɓi da ciwon ƙirji da ƙuncin numfashi suna ciki. Ga mai hawan jini, karkacewar baki da mutuwar hannu ko ƙafa da sarƙewar magana. Wannan shafi shi ne iyakar da ke raba abin da za a yi wa aikin tunani da abin da ba a tsayawa tunani a kansa.

Mataki na biyu: zaɓen shirin da za a bi

A nan ne mai zaune a Gombe ko Dukku ko Kaltungo zai ci karo da gaskiyar lamari. Fitattun shirye-shiryen duniya na Turanci ne, kuma da yawansu an keɓe su ga mazauna ƙasashensu: asibitin intanet na MindSpot na mazauna Ostireliya ne, shirin hukumar lafiyar Ingila kuma na masu rajista da likita a can. Sai dai akwai kayan aikin da kowa zai iya saukewa kyauta. Cibiyar Centre for Clinical Interventions da ke Perth a Ostireliya tana da darussa a rubuce kan damuwa, da yawan zullumi, da fargabar lafiya, da barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani ɗan littafi mai zane-zane da sauti a 2020, Doing What Matters in Times of Stress, wanda ake samu da harsuna da dama har da Larabci, abin da zai taimaki ɗaliban Islamiyya da Turanci ke ba wahala. Hukumar ta kuma gwada wani shirin waya mai darasi biyar a Labanan, inda mataimakan da ba likitoci ba, waɗanda aka horar, ke kiran majinyaci na kimanin minti 15 a mako, kuma ya rage damuwa.

A ganina, tsarin da ya fi dacewa da mu shi ne a haɗa abu biyu: darussa a jere da aka sauke a waya, da mutum mai horo da ke bibiya ta kira ko WhatsApp sau ɗaya a mako. Wani babban nazari na 2021 ya nuna cewa ga mai damuwa mara tsanani, bin darasi shi kaɗai bai yi nisa da bi tare da jagora ba, amma da zarar makin PHQ-9 ya haura 9, mai jagora ya fi samun sauƙi. Ban da haka, babbar matsalar shirye-shiryen intanet ita ce a fara da zafi a watsar a mako na uku, kuma sanin cewa wani zai tambaya ranar Alhamis yana riƙe mutum.

Mai jagoran yana iya zama masanin halayyar ɗan'adam na asibiti, ko likitan ƙwaƙwalwa, ko nas mai horon wannan fanni. Likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kacal a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, saboda haka mafi sauƙi shi ne a je sashen ƙwaƙwalwa sau ɗaya a ga mutum, sannan a tambaya ko za a iya ci gaba ta waya. Idan a intanet aka samo shi, a tambaye shi inda ya yi karatu, da asibitin da yake aiki, da hukumar da ta yi masa rajista. Likita dai dole ya kasance da rajistar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. A tambaye shi darasi nawa ne, da kuɗin kowane zama, da abin da zai yi idan lamari ya rikice da tsakar dare. Wanda ba ya ba da aikin gida, ko yake tallar wani haɗin magani a gefe, ko ya yi alƙawarin warkewa cikin mako guda, a bar shi. Manhajojin nan masu amsa hira kamar mutum suna iya taimakawa wajen bayyana darasin da Turancinsa ya yi tsauri, amma ba su san katin majinyaci ba, kuma ba a dogara da su wajen yanke hukunci kan magani ko alamar ciwo.

Batun sirri ma a yi shi tun farko. A gidaje da yawa waya ɗaya takan bi hannuwa biyar kafin dare. A sa lambar kulle, a goge saƙon murya bayan an saurara, kuma kada a aika sakamakon gwaji, musamman na HIV, cikin zauren WhatsApp mai mutane da yawa. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, don haka majinyaci yana da haƙƙin tambayar inda ake ajiye abin da ya rubuta.

Mataki na uku: shirin zama

Littafin rubutu mai shafi 60 da biro sun fi wayar muhimmanci, domin aikin a takarda ake yinsa. A sauke darussa lokacin da sabis ke da ƙarfi don a karanta ko babu data, a tsayar da rana ɗaya ta darasi, da minti 15 kullum na aikin gida, a lokacin da jiki ya fi sakewa. Ga mai wankin ƙoda, ba ranar wankin ba. Wanda bai iya karatun boko ba zai iya rubutawa da ajami ko ya ɗauki muryarsa, ya kuma zaɓi mutum ɗaya amintacce ya riƙa karanta masa.

Mataki na huɗu: mako biyu na lura

Ba a fara gyara komai sai an ga yadda abin yake tafiya. A raba shafi gida biyar: abin da ya faru, abin da ya faɗo a rai, yadda zuciya ta ji tare da maki daga 0 zuwa 10, abin da jiki ya ji, da abin da aka yi daga baya. A rubuta biyu ko uku a rana, da ɗuminsu.

A ɗauki misalin wata malamar firamare mai ciwon suga. Ta auna da safe ta ga lambar ta hau. Abin da ya faɗo mata: "Duk ƙoƙarina a banza, ƙarshenta yanke ƙafa za a yi kamar yadda aka yi wa gwaggona." Tsoro 9, baƙin ciki 8. Gabanta na faɗuwa, kanta ya yi nauyi. Abin da ta yi: ta jefa na'urar awon cikin durowa, ta yi kwana huɗu ba ta sake aunawa ba, ranar zuwa asibiti kuma ta ce ba ta da kuɗin Keke Napep. A kan takarda za ta ga abin da ba ta gani a cikin kai: gujewar ta ba ta sauƙin awa biyu, amma ta ƙara kusantar da ita ga abin da take tsoro.

Mataki na biyar: dawo da motsi, da auna ƙarfi

Mutane sukan zaci za a jira zuciya ta yi daɗi sannan a koma harkoki. Wannan magani ya juya lissafin: a fara harkar da kaɗan, jin daɗin ya biyo baya. A rubuta abubuwa goma da ciwo ya raba mutum da su, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a haɗa na nishaɗi da na wajibi da na zumunci: zama a ƙofar gida bayan La'asar, sallar jam'i ko zuwa coci, shayar da shukar bayan gida, kiran ƙanwa da ke Bajoga, leƙa shago na awa guda. A zaɓi biyu ko uku mafi sauƙi, a sa musu rana da lokaci, a yi su ko ana so ko ba a so, sannan a ba yanayin zuciya maki kafin da bayan.

Ga mai ciwon jiki akwai wani tarko da mai lafiya ba ya faɗawa. Ranar da ya tashi da ƙarfi sai ya ce bari ya rama kwanakin da ya yi a kwance, ya yi aikin mako a yini ɗaya, gobe ya kwanta kwana uku, ya tashi da ƙarin imanin cewa shi kam ya gama amfani. Maganin wannan shi ne a yi aiki da agogo, ba da yadda jiki ke ji a lokacin ba. A ɗauki tela a unguwar Jekadafari da ke Gombe mai ciwon baya ko amosanin gaɓɓai. Ya auna tsawon zaman da yake iya yi a kan keke kafin ciwo ya tsananta: ranar sauƙi minti 40, ranar wuya minti 20. Tsaka-tsakinsu 30 ne, sai ya rage kashi ɗaya cikin biyar, ya fara da minti 24. Idan ƙararrawar waya ta kaɗa sai ya miƙe ya huta minti biyar, ko da yana tsakiyar ɗinkin wuyan riga, ko da ba ya jin komai. Bayan mako guda, idan babu tashin ciwo, ya ƙara minti biyu ko uku. Abin da ya fi wuya a nan ba ranar ciwo ba ce, ranar lafiya ce, musamman ana gab da Sallah ga masu kaya sun cika shago. Wanda ya iya tsayawa a ranar da yake jin zai iya ci gaba, shi ne ya koyi darasin. Mai ciwon zuciya ko na huhu ya nemi likita ya tsayar masa da iyakar motsin kafin ya fara, mai sikila kuma ya kula da shan ruwa a zafin Maris da Afirilu, da rufe jiki a hunturu.

Mataki na shida: bincikar tunani

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba ana nufin a yaudari kai a ce komai lafiya ba, domin mai ciwon ƙoda ya san ba komai ne lafiya ba. Ana nufin a tsare tunanin a yi masa tambayoyi kamar yadda alƙali ke tsare mai da'awa: ina hujjarka, wace hujja ce ke ƙaryata ka, kuma me ka ɓoye? A koma ga malamar nan. Hujjar da ke goyon bayan tsoronta: ciwon suga yana iya kai wa ga yanke ƙafa, kuma ta gani a gidansu. Hujjar da ke ƙaryata shi: awo ɗaya ba ya nuna halin wata uku, gwajin HbA1c ne ke nuna wannan, daren jiya ta ci tuwo da yawa a gidan suna, gwaggonta ta yi shekaru ba ta san tana da ciwon ba, ita kuwa tana duba ƙafafunta kuma babu rauni. Sabon tunanin da za ta rubuta: "Sugana ya hau yau, na san dalili, zan sake aunawa gobe, zan kuma nuna wa likita." Ta sake ba tsoron maki. Idan ya sauko daga 9 zuwa 6, aiki ya yi. Ba a neman ya koma sifili.

Da yawan rubutu za a gane cewa tunanin nan 'yan salo kaɗan ne ke maimaituwa: hango mafi munin ƙarshe, da ɗaukar cewa an san abin da ke zuciyar mutane, kamar "sun gaji da ni", da hukuncin ko duka ko babu, kamar "tunda ba zan iya noma kamar da ba, ba ni da amfani". Wanda ya fi taurin kai a cikinsu ba ya faɗuwa da muhawara, sai da gwaji. Mai cewa "idan na je ɗaurin aure kowa zai zuba mini ido saboda ramar da na yi" ya rubuta hasashensa, ya je ya yi minti 20, ya dawo ya rubuta ainihin abin da ya faru.

Akwai kuma tunanin da gaskiya ne tsantsa, kamar cewa kuɗin maganin wata mai zuwa babu su. Wannan ba bincike yake so ba, shawara yake so: a rubuta matsalar a jumla ɗaya, a jero duk mafitar da ta zo rai ba tare da tacewa ba, daga tambayar likita ko akwai magani mai rahusa mai aiki iri ɗaya, zuwa binciken shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, zuwa yi wa wani ɗan'uwa magana, sannan a zaɓi ɗaya a sa mata rana. Zullumin da ba shi da mafita a yau kuwa, a ware masa minti 15 da yamma. Idan ya zo da hantsi a rubuta shi a ce ya jira lokacinsa.

Wata damuwa da ke yawan tasowa a wurinmu ita ce ta addini. Majinyaci yakan ji cewa baƙin cikinsa alamar raunin imani ce, wasu masu zuwa dubiya ma su ƙarfafa masa haka da "ka yi haƙuri mana, ina tawakkalinka?" Wannan tunani shi ma a sa shi a takarda a bincike shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, kuma tun fiye da shekara dubu da suka wuce malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai, yana ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane a lokacin natsuwa don ya yi amfani da su a lokacin firgici. Addu'a da wannan aiki ba sa karo da juna, kuma limami ko fasto mai fahimta yana iya zama mataimaki. Batun azumi ga mai ciwon suga ko ƙoda kuwa, likita da malami za a tambaya, ba jin kunyar mutane ba.

Mataki na bakwai: firgici, numfashi da barci

Ƙa'idar ita ce a duba jiki tukuna. Gumi da rawar jiki da bugun zuciya alamomin firgici ne, kuma su ne alamomin faɗuwar suga. Mai shan maganin suga ko allurar insulin ya fara aunawa. Idan lambar ta gaza 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, ya sha babban cokali ɗaya na suga ko zuma, ya sake aunawa bayan minti 15. Mai asma ya fara da abin shaƙarsa. Sai idan awo ya nuna lafiya, kuma babu ko ɗaya cikin alamomin shafin farko, sannan a koma ga numfashi: a ja iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake ta a hankali ana ƙirga shida, na tsawon minti biyar. A riƙa gwada shi sau biyu kullum a lokacin kwanciyar hankali, domin abin da ba a saba da shi ba ba ya zuwa a lokacin ruɗewa. Haka kuma mai auna hawan jininsa sau goma a yini yana ciyar da fargabarsa ne. Ya tambayi likita sau nawa ya dace, ya tsaya a nan.

Game da barci, a tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kullum, kuma Asuba ta sauƙaƙa mana wannan. Ƙailula kada ta wuce rabin awa. A bar goro da shayi da kofi daga La'asar. Idan an kwanta kimanin minti 20 barci bai zo ba, a tashi a zauna a wani wuri cikin haske kaɗan har sai ido ya yi nauyi, a kuma ajiye wayar nesa da shimfiɗa. Wasu shirye-shirye suna koyar da rage awannin kwanciya da gangan; mai farfaɗiya kada ya gwada wannan sai da izinin likita, domin ƙarancin barci yana tayar da ciwon.

Mataki na takwas: magana da mutanen gida

Iyali sukan kasu biyu: masu hana majinyaci ɗaga ko da buta, da masu ganin tunda yana tafiya da ƙafarsa ai lafiyarsa ƙalau. Dukansu ana yi musu magana ne a fili, da ladabi, tare da faɗin abin da ake so takamaimai. Matar aure mai sikila za ta iya ce wa surukarta: "Inna, ku yi haƙuri, likita ya ce in riƙa raba aiki. Zan yi girkin rana, amma wanki da ruwan sanyi yana tayar mini da ciwo, ina roƙon a bar wa yara." Dattijon da 'ya'yansa suka hana shi fita zai iya cewa: "Na san tausayina kuke ji, amma zaman ɗakin nan ya fi ciwon damuna. Ɗayanku ya riƙa raka ni masallaci da Magariba." A rubuta maganar tukuna, a karanta wa mai jagora, sannan a faɗe ta lokacin da gida ke cikin natsuwa.

Mataki na ƙarshe: awo da tanadin gaba

A sake amsa PHQ-9 da GAD-7 duk bayan mako biyu. Saukar maki 5 a PHQ-9 canji ne na gaske, saukar rabin makin farko kuwa alama ce cewa maganin ya karɓi mutum. Idan an yi makonni shida ana aikin gida tsakani da Allah amma makin bai motsa ba, ko ya hau, a koma wurin likita. Wataƙila ana buƙatar zama ido da ido, ko a haɗa da ƙwayar maganin damuwa, wadda likita ne zai zaɓe ta bisa la'akari da ƙoda da hanta da sauran magungunan da ake sha. Idan an kwantar da mutum a asibiti ana tsakiyar shirin, a dakata, a ci gaba daga inda aka tsaya bayan sallama, a kuma sake auna ƙarfin aiki daga ƙasa.

A makon ƙarshe a cika shafi ɗaya da abubuwa uku: alamomin da ke nuna damuwar na dawowa, kamar tsallake magani ko ƙin ɗaga waya, dabaru biyu ko uku da suka fi yi wa mutum aiki, da sunayen waɗanda za a kira tare da lambobinsu. A ƙara da lokutan da aka san suna da wuya, irin su shigowar hunturu, da makon jiran sakamakon gwaji, da ƙarshen wata idan magani ya kusa ƙarewa. A ba mutum ɗaya na gida kwafin shafin, a kuma sa ranar waiwayar littafin sau ɗaya a wata, a daidaita ta da ranar komawa asibiti don a tafi da shi a nuna wa likita.